Tsegumi: Wa Ya Sa Hannu a Fom ɗin 'Yar Alhaji?

Ku matso kusa, jama'a, maganar yau ba ta lasifika ba ce. A wata jami'a da ba za mu kama sunanta ba, sakamakon 'yan aji ɗaya ya fito, kuma tun daga ranar barandar Sashen Saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, ta koma kamar tashar mota ranar jajiberin Sallah. Kowa da fayil a hammata, kowa da fom ɗin canjin kwas, kowa na tambayar masinja ko Oga, shugaban sashen, yana ciki. Oga kuwa, in ji masinja, kullum yana mitin.

Yadda aka yi yaran nan suka taru a wurin ba ɓoyayye ba ne. Bara da JAMB ta fitar da sunaye, wanda ya nemi Saikoloji sai ya tsinci kansa a Soshiyoloji ko Tarihi, wadda ta nemi likitanci ta tsinci kanta a wani kwas da ba ta taɓa jin sunansa ba. Sai kawu ko yaya ya ce: "Kai dai karɓi abin da aka ba ka. Shiga ita ce wahala, in ka gama aji ɗaya sai ka canza." Wannan magana ta ci shekarun yara da yawa a ƙasar nan, kuma masu faɗinta ba su taɓa bin layin canjin ba.

Ga abin da majiyarmu, wata baiwar Allah da ta daɗe tana buga takardu a ofisoshin tsangayar, ta raɗa mana. Guraben da suka rage wa masu shigowa aji biyu ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, domin Hukumar NUC tana ƙayyade wa jami'a yawan ɗaliban da za ta iya ɗauka, ga kuma masu shigowa kai tsaye da difloma ko IJMB, su ma aji biyun suke faɗowa. Masu nema kuwa sun cika baranda har sun zubo kan matakala. A takarda, ma'auni shi ne CGPA, makin nan da ake lissafawa bisa 5, wanda 4.50 zuwa sama ke nufin daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 kuma ta biyu babba. Wanda ya fi maki shi ya fi cancanta. A takarda fa na ce.

To, akwai wani yaro ɗan talakawa, mahaifinsa faci yake yi a bakin titi. An ce makinsa ya haura 4, babu kariyoba ko ɗaya. Fom ɗin yana buƙatar hannu biyu: na shugaban sashen da za ka bari da na wanda za ka shiga. Da yaron ya kai wa nasa shugaban, sai Farfesa ya cire tabarau ya dube shi ya ce: "Ɗana, kai ne na ɗaya a ajinku. In na sake ka, wa zan nuna ranar yaye ɗalibai?" Fom yana nan cikin durowa har yanzu. Ashe ƙoƙari ma yakan ɗaure mutum. Marasa ƙoƙari ake saki da murna, su kuma can ba a son su.

Ana cikin haka sai ga jerin farko ya fito, ba a allo ba, a WhatsApp. A ciki har da sunan 'yar wani Alhaji, mai zuwa lacca da direba, wadda ƙawayenta suka rantse mana cewa tana da kariyoba a lissafin ƙididdiga. Ba a bakinmu kuka ji mutuwar sarki ba, amma an ce an ga wata baƙar jif a harabar tsangayar da yammacin wata Alhamis, an kuma ce Oga da ba ya fita daga mitin ya fito har bakin mota da hula a hannu. Wasu sun ce ba haka ba ne, yarinyar ta gyara jarrabawar. To madalla. In ta gyara, a manna makin kowa mu gani mana.

Akwai kuma wani ɗan tsakiya, ba malami ba ne, ba a ma san takamaiman ofishinsa ba, amma ya san kowa. Shi ne ke karɓar "na goro" da alkawarin zai tura fayil gaba. An ce wasu iyaye sun sayar da tumaki sun ba shi. Yanzu wayarsa a kashe take.

Amma bari mu ɗan juya kan yaran su ma, don tsegumi ba ya son kai. Me ya sa kowa ya haukace a kan Saikoloji? Da muka sa kunne a kafteriya, wani cewa ya yi yana so ya riƙa karanta zuciyar mutane da kallo ɗaya, har da ta budurwarsa. Wata kuma ta ce yayarta tana aiki da ƙungiyar agaji a Maiduguri, ana biyanta albashi mai tsoka don tana sauraron matan da rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita tun daga 2009. Wannan ta biyun tana da hujja. Aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ya samu daraja, musamman tun Janairun 2023 da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri suna buƙatar ƙwararru. Sashen kuma ba kowace jami'a ke da shi ba. Nsukka ce ta fara buɗewa a 1964, sannan irin su Legas da Ibadan da Jos, daga baya Makurɗi da Keffi. A jami'o'in Arewa da dama abin da za ka tarar shi ne saikolojin koyarwa a tsangayar ilimi, wanda hanyarsa daban. Shi ya sa ƙofar ta yi ƙunci.

Abin da ba a faɗa musu a kafteriya shi ne kwas ɗin cike yake da ƙididdiga da dabarun bincike da nazarin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Wanda ya gudo daga lissafi, lissafin yana jiransa a ciki. Wanda ba shi da kiredit a lissafi a WAEC ko NECO, ko da CGPA ɗinsa ya taɓo sama, da wuya a dube shi, wasu wuraren har Bayoloji suke nema. Digirin farko kuma ba ya mai da kowa likita. Mai son duba marasa lafiya sai ya ƙara digiri na biyu a fannin asibiti da horo a ƙarƙashin manya, kuma ko a nan ba shi zai rubuta magani ba. Wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, wanda ya yi shekara 6 a makarantar likitanci sannan ya ƙware. Hajiyar da ta fara kiran 'yarta "Dakta" a gidan biki, a gaya mata ta dakata.

Ga wani rami da masu murna ba su hango ba. Wanda ya samu canjin yakan kwashi kwasa-kwasan aji ɗaya da bai yi ba, wani ma a ce ya maimaita shekarar, shi da ya riga ya ga yadda yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wa yayyensa wata 8. In kuma ba a gyara sunansa a kundin JAMB ba, takardar shigarsa tana cewa Tarihi, ta kammalawa tana cewa Saikoloji, sai lokacin bautar ƙasa ya zo ya fara zarya tsakanin ofis da ofis.

Labarin ƙarshe da ya iso mana shi ne jerin WhatsApp ɗin bai kai gaban Majalisar Jami'a ba tukuna, kuma wata malama a kwamitin canjin kwas ta ce ba za ta sa hannu ba sai an kawo mata makin kowa a rubuce. Allah Ya yi miki albarka, Malama. Ku kuma shugabannin sassa, ranku ya daɗe, ku faɗi yawan guraben tun kafin a sayar da fom, ku manna sunaye tare da maki a allon sanarwa, sannan Farfesa ya buɗe durowa ya sa wa ɗan mai faci hannu kafin a rufe rajista.