Baƙin Sallah a Damagaram

Ranar Sallar layya, in ka tsaya a ƙofar fada cikin Birni bayan an sauko daga idi, ba sai an nuna maka baƙo ba: shi ne wanda kakaki ya firgita. Tun juyin mulkin 2023 Turawa sun yi ƙaranci a garin, amma labarinsu bai bar bakin mutane ba. Dukansu suna son Sallar Damagaram, dukansu kuma tana ba su haushi, sau da yawa ma abin da ya burge su shi ne ya dame su.

Akwai mai kyamara. Shi bai taɓa ganin hawan Sallah da idonsa ba, sai ta gilashi. Dogarai cikin ja da kore, dawakai da kayan ado, masu algaita kumatu a cike, duk yana kwasa yana murna. Ransa ba ya ɓaci sai mahayin da ya fi kowa rawani ya zaro waya daga aljihu ya amsa kira. Nan zai sauke kyamara ya jira, wai an ɓata masa tarihi.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai agogo. Irinsa sun zo daga Danmak a shekarun da ƙasarsu ke tallafa wa ayyukan ruwan sha a jihohin Damagaram da Diffa, kuma a garin da ƙishirwa ta daɗe tana wahalarwa ba a raina mai haƙa rijiya. A ƙasarsu babban biki daren 24 ga Disamba ake yinsa, ƙofa a rufe, iyali zalla, an san yawan kujeru tun mako biyu kafin ranar. Sai ga shi a unguwar Zango, abokin aikinsa ya ce masa, "Ka zo gida da Sallah." Ya tambaya ƙarfe nawa. Aka ce, "Bayan an sauko." Ya sake tambaya, aka ce, "In Allah ya kai mu." Ƙarfe goma daidai yana ƙofar gida da kwalin alewa, maigida kuwa yana can wata unguwa yana gaida surukai. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, mutanen da bai sani ba suka yi ta shigowa suna tambayarsa gajiya, da iyali, da sanyin ƙasarsu. Da dare zai ce bai taɓa ganin inda ba a barin mutum ya ci abinci shi kaɗai irin nan ba, har idonsa ya kawo ruwa. Da safe kuma, bayan yara sun buga masa ƙofa karo na bakwai da "Anasara, barka da Sallah!", zai tambaya ko akwai sa'a ɗaya a garin nan da mutum ke zama shi kaɗai. Babu.

Ƙanwarsa a hali ita ce mai tausayin rago. Kwana uku kafin Sallah ta saba da ragon maƙwabta, tana ba shi dusa, har suna ta raɗa masa. Ƙasarta Danmak ta hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba tun 2014, don haka ranar layya tana ɗaki, taga a rufe. Amma da rana ta yi, aka gicciya raguna a kan sanduna, aka jera su kewaye da wuta a bakin titi, ƙamshi ya bi ta ƙarƙashin ƙofa. Washegari da aka fara rabon nama, ita ce ta tambaya ko akwai sauran yaji.

Mai littafi kuwa ya karanta Barth, wanda ya iso garin a ƙarshen 1852 da sunan Abdulkarim, saboda haka yana ganin ya riga kowa zuwa. Yakan gyara wa dogari tarihin Sarki Tanimu, dogari ya ce "haka ne" don a zauna lafiya. Matsalarsa ita ce ya kuma karanta yadda kaftin Cazemajou ya zo gaida Sarki Amadu Kuran Daga a 1898 bai koma ba. Da aka ce masa Sarki na kira, sai da ya shiga bayi sau biyu.

'Yan Sin na matatar mai ta Soraz ba su da dogon labari. Sukan tsaya daga nesa, su ɗauki hoto ɗaya, su tambayi kuɗin ragon, su girgiza kai.

Sai wanda ya wuce gona da iri. Wata shida da zuwansa ya fi Damagarawa zama Badamagare: babbar riga, hula, carbi, "madalla" a kan kowace magana. Ya ci kayan ciki ranar farko, ya bi da alkaki, ya zauna da matasa har shayi na uku, ya kora da furar da ba a tambayi asalin ruwanta ba. Hawan ƙaho da ya yi wata biyu yana ɗokin gani, daga gadon asibiti ya ji labarinsa.

Na bar Bakano a ƙarshe don shi bai yarda baƙo ba ne. Ya shigo ta Maimujiya, hatimi a takardarsa, amma ka ce masa ɗan ƙasar waje ka ga faɗa. Komai ya gani sai ya auna shi da hawan Daushe: dawakin sun yi kaɗan, filin ya yi ƙunci, kuma wa ya taɓa jin an yanka rago yau a ce sai gobe za a ci? In aka tuna masa zamanin da dawakin Damagaram suka addabi ƙasar Kano, sai ya ce zancen tsofaffi ne. Yaro ya gaishe shi, shi kuma ya ba yaron dala ashirin, sannan ya lissafa ta da naira ya dafe ƙirji. Duk da haka shi ke fara zama gaban wuta, shi ke tashi a ƙarshe, kuma ranar komawa sai ya roƙi ɗan kabo-kabo ya tafi a hankali zuwa tasha, saboda cinya biyu da ya ƙunshe cikin buhun siminti.