Sabon Iri, Sai Maƙwabci Ya Fara

Mu masu noman tumatir, daga Kadawa zuwa Kura har Bunkure, muna da wani hali da ba ma ɓoyewa: in malamin gona ya zo da sabon iri, kowa ya ce madalla, a yi ta gyaɗa kai, amma ba mai zuba shi a bedinsa. Jira muke maƙwabci ya fara. In gonarsa ta yi kyau, sai zumunci ya motsa, a yawaita leƙawa da yamma ana "sannu da aiki, Alhaji", ido na kan waɗanda suka nuna, a tafi da guda uku a aljihu wai na miya. Shi ma ya san ba tukunya za su ba, matse su za a yi a shanya iri, domin shi ma haka ya yi wa wani bara.

To nan ake yin ta. Iri mai aure irin su Chibli da Kilele, ƙarfinsa a shukar farko yake. In ka ciri iri daga 'ya'yansa, baɗi gonar sai ta fito kowa da kamarsa, wani ya yi 'ya'ya, wani ya tara ganye. Sai mu taru a inuwa mu yanke hukunci cewa irin bai karɓi ƙasarmu ba. UC82B ne ya saba mana, wanda muka raɗa wa UTC, shi da ake ajiye irinsa shekara da shekaru bai canja ba. Shi ma fa baƙo ne, daga Kalifoniya ta Amurka ya taso, yau ga shi ya zama ɗan gida.

Wanda ya daure ya sayi sabon irin kuma, ina yake gwadawa? Can kusurwar da ruwan Tiga ba ya isa sai kowa ya ƙoshi, takin ma ragowar buhu.

Abin da ke ci mini rai shi ne lokacin gwajin. Tumatir ɗan sanyi ne, da hunturu kowane iri gwani ne. A bar shi ya ga Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kakkaɓe fure, ya ga damina da cutar da ke sa shuka ta yi yaushi tana tsaye, lokacin da kwando ke tsada kamar zinariya. Tun da tsutsar sharon ta cinye gonaki a 2016 muka san ranar wuya ake gane na ƙwarai, amma har yau tare muke dashe, tare muke tsinka, mu haɗu a kasuwar Kwanar Gafan, dillali na taya kwando kamar alfarma yake mana. Shi tambayarsa ɗaya ce, ko fatar za ta jure tafiya har kasuwar Mile 12 a Legas. Wanda bai samu shiga mota ba, a yanka shi a shanya kauɗa a bakin titi, yara na korar awaki.