Wanga Ba Ya Kai Ƙarshe

A fadojin samarin Birnin Ƙonni, da na Malbaza da Galmi har zuwa Badagishiri, an samu wata sarauta da ba wanda ya naɗa, ba rawani gare ta ba zagi, amma mai ita yana juya zukatan jama'a yadda ya ga dama. Ita ce sarautar wanda ya riga kowa sanin ƙarshen labari. Mutum shida za su haɗa kai a kan salula ɗaya, shayin farko na kan gawayi, ana kallon zanen Japan, jarumi ya ɗaga hannu zai kai bugun da aka yi mako uku ana jira, sai a ji murya daga gefen tabarma, a sanyaye: "Ku kalle shi da kyau, wanga ba ya kai ƙarshe." Mai maganar bai ko ɗago kai ba. Ya karanta littafin tun bara, kuma tun bara maganar ke ci masa tuwo a ƙwarya. Ni a ganina wannan bawan Allah ya yi laifi, sai dai ana yawan tuhumarsa da abin da bai kamata ba. Yana da damar ya sani, yana da damar ya faɗa. Inda ya kauce shi ne da ya fasa ƙwai a gaban mutanen da bai tambaya ba ko suna son ji.

Kafin a yanke masa hukunci ya kamata a san yadda ya samu wannan fifiko, domin tsarin sana'ar ne ya ba shi, ba kaifin ƙwaƙwalwa ba. A Japan labari yakan fara fitowa a takarda, zane baƙi da fari da ake kira manga, babi ɗaya kowane mako a mujallu irin su Shonen Jump, wadda kamfanin Shueisha ke bugawa tun 1968. Sai labari ya karɓu ya tara babi masu yawa, sannan a mayar da shi zane mai motsi da murya, wato anime. Eiichiro Oda ya fara One Piece a takarda a 1997, na kallo ya biyo baya a 1999, kuma har yau mai kallo yana bayan mai karatu. Dole ma ya zauna a baya, don in ya cim masa ba sauran abin da za a zana. Wani lokaci tazarar takan isa a yi aure a cikinta, a yi suna, har a yaye. Attack on Titan na Hajime Isayama ya ƙare a takarda a Afrilun 2021, amma kashin ƙarshe na kallo bai fito ba sai Nuwamban 2023. Wata 31 ke nan masu sani da marasa sani suna karɓa-karɓa da kofin shayi ɗaya, kuma duk wanda ya zauna da mutane ya san ba a ba ɗan Adam sirri a ce ya riƙe shi wata 31 bai yi ciwon ciki ba. (Daga dama zuwa hagu ake karanta manga, don haka wanda ya yi makarantar allo da ƙafar dama ya shiga. Ɗan boko zalla ne ke buɗe littafin daga baya ya fasa wa kansa ƙwai da hannunsa.)

Mai karatun ma akwai wanda ya sha gabansa. Kwanaki kafin mujalla ta shiga kasuwa hotunan shafukanta sukan fara yawo a intanet, har a Fabrairun 2024 'yan sandan Japan suka kama mutum biyu a Tokyo a kan wannan sana'a. Shi kansa kamfanin Shueisha ya buɗe manhajar Manga Plus a 2019, inda ake karanta sababbin babi kyauta, don haka yaron Ƙonni mai 'yar data yana iya sanin wanda ya mutu a ranar da ɗan Tokyo ya sani. Ƙonni kuwa gari ne da labari ba ya kwana a cikinsa. Babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram ta ratsa ta, hanyar Tawa ta rabu a Tsarnawa, Illelar Najeriya tana nan kudu kusa-kusa. A 2023 an rufe iyaka, manyan motoci suka yi cirko-cirko, amma ba a ji ɗan duwan ko jandarman da ya tare ƙarshen labari ya ce a sauke ba. Shi kuwa mai kallo yana jiran mai turi ya cika masa memori, yana jiran wuta ta dawo ya yi caji, yana jiran a gama cirar albasa ya samu sukuni. Rabin tazarar da ke tsakaninsu daga Japan take, ɗaya rabin daga aljihu. Shi ya sa fasa ƙwai a fada yake da ƙanshin nuna arziki: mai data ne ke sanar da marar data matsayinsa, ya laɓe a bayan hirar zane.

Masu kare shi suna da hujja, kuma ta farkon mai ƙarfi ce. Suka ce, tun yaushe Bahaushe ya fara sauraron labari don ƙarshensa? Yaran da ke zagaye kaka da dare sun san yadda za ta kaya tsakanin Gizo da Ƙoƙi, in ta kauce ma su ne za su gyara mata. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, Alhaji Imam da bakinsa yake ba da labarin tafiyarsa, don haka tun farko an san bai halaka a hanya ba. An mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, an mayar da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino fim bayan fitowar littafin, ba a kuma ji an kai mai karatu gaban alƙali don ya riga mai kallo ba. A gidan kallon bidiyo, rabin daɗin fim ɗin Indiya daga bakin mai sharhin bencin baya yake fitowa, wanda ya gan shi sau tara yana sanar da shigowar bos tun bos bai sa takalmi ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma waɗancan labarai akwai yarjejeniya tsakaninsu da mai kallo, kuma kowane yaro ya haddace ta: akta ba ya mutuwa, in ma ya mutu ɗansa zai taso da kamanninsa ya rama. Wanda ya ce maka jarumi zai auri jaruma bai rage ka da komai ba, abin da ka sani tun kana biyan kuɗin shiga ya maimaita maka. Marubutan manga ba su sa hannu a wannan yarjejeniya ba. Sukan kashe malamin jarumi, sukan kashe yayansa, sukan ɗauki amintaccen abokin da aka yi shekara biyar ana so su nuna ashe tun ranar farko maci amana ne. A kan rashin sanin mai kallo aka gina labarin, shi ne jarinsa. Tsohuwar ɗabi'ar bencin baya ce ta haɗu da kayan da ba don ita aka yi su ba.

Hujja ta biyu daga bakin 'yan jami'a take fitowa, waɗanda suka dawo hutu da gilashi. Za su ce ai bincike ya nuna fasa ƙwai ba ya ɓata labari. Binciken gaskiya ne akwai shi: a 2011 Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun ba ɗalibai gajerun labarai 12, wasu an faɗa musu ƙarshe tun farko wasu ba a faɗa ba, aka ga waɗanda aka faɗa wa sun ɗan fi jin daɗin karatun. Abin da mai gilashi ba ya ƙarawa shi ne a 2015 Benjamin Johnson da Judith Rosenbaum sun yi nasu gwajin suka samu akasin haka. A bar ma wannan. Gajeren labarin da ɗalibi ya karanta a zama ɗaya, bai san mutanen ciki ba jiya, ba zai tuna su gobe ba, ina shi ina One Piece da ya haura kashi 1,100, sama da awa 400 na kallo, wanda mutum ya fara tun yana firamare yanzu ga shi da kabu-kabu da iyali? Ko da binciken farko ya tabbata, abin da ya nuna shi ne matsakaicin jama'a, kuma matsakaicin jama'a ba ya zama a tabarma. Akwai masu buɗe shafin ƙarshe kafin na farko, suna jin daɗinsu, ba ruwan kowa, domin su suka zaɓa. Mutum yana iya kallon labari sau goma yana sane da ƙarshensa, amma kallon da ake yi ba a san komai ba sau ɗaya yake samuwa, kuma mai shi kaɗai ke da ikon yafe shi. Masu sana'ar sun daɗe da gane haka. A ƙarshen fim ɗin Les Diaboliques na 1955, Henri-Georges Clouzot ya sa rubutu yana roƙon 'yan kallo kada su ba abokansu labarin abin da suka gani, kuma wasan The Mousetrap na Agatha Christie, da aka fara a Landan a 1952, har yau da irin wannan roƙo ake sallamar jama'a.

Akwai mai cewa zanen yara ne, me zai sa katti su ɓata rai. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani: a faɗa masa yadda za ta ƙare a zangon Labarina ko Izzar So da yake bi, a ga ko zai gama shayinsa. Wanda ya fi cancantar amsa shi ne mai kawo misalin kokowa, ya ce gasar Takobi da aka fara a Tawa a 1975 wa ya taɓa ɓoye wanda ya yi kaye? Ba wanda ya ɓoye, saboda kokowa sau ɗaya take faruwa, kowa a lokaci guda, bayan nan ta zama labarin gari. Manga da gangan ake fitar da shi sau biyu ga jama'a biyu. Amma daga nan sai in koma bayan mai karatu, domin marar sani ma yana da nasa zaluncin. Masashi Kishimoto ya gama Naruto a takarda a 2014, na kallo ya ƙare a 2017 bayan kashi 720. Yau sai wani ya fara, yana kashi na 40, ya shigo fada ya kafa dokar hana magana a kan mutum biyar da suka gama tun yana wasan langa, da an ambaci suna ya toshe kunne yana kururuwa. Wannan ma mulki ne ba naɗi. Wasu sun so a sa wa'adi, a ce bayan wata kaza ko shekara kaza an halatta kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ba zai yi aiki ba, domin kowace shekara akwai yaron Dogarawa da ya samu salularsa ta farko, kuma a wurinsa Dragon Ball da aka gama bugawa a 1995 sabo ne fil.

Tunda kalanda ba za ta raba gardama ba, abin da ya rage shi ne abin da muke yi kullum a ƙofar gidan da ba namu ba, wato sallama. Ba wanda ke faɗawa zauren mutane don kawai ya san hanya, kuma ba wanda ya ce sallama ta hana ziyara. Sallamar hirar zane kalma uku ce: "Ina ka tsaya?" In ya ce ya gama, bisimilla, a baje komai. In ya ce yana baya, ko a jira, ko a ce masa, "Aboki, tashi ka sayo gawayi, muna da maganar manya." Shi ma na baya nauyi ne a kansa ya sanar da matsayinsa tun yana cire takalmi, kada ya yi shiru sai an yi nisa ya tashi da kukan an cuce shi. Wannan ƙa'ida ita ce ke kama masu wayo, waɗanda ke rantsuwa ba su faɗi komai ba. Akwai mai cewa, "Ni ba ni faɗi, amma in ka kai kashi na gaba ka nemi hankici." Akwai mai ɗora hoton jarumi a WhatsApp da hawaye uku a ƙasa, ba rubutu, ya ce ai bai yi magana ba. Mafi gwaninta shi ne wanda da an nuno wani a allo sai ya yi ajiyar zuciya, ya kaɗa kai, ya ce, "Allah sarki, mutumin kirki." Duk wanda ya taɓa zuwa zaman makoki ya san ba a yi wa rayayye wannan yabo da wannan murya. Irin waɗannan sun fi mai faɗi kai tsaye laifi, don sun ci riba biyu, sun nuna sun sani kuma sun riƙe sunan masu amana.

Saura mutum ɗaya da ƙa'idar ba ta kare shi, shi ne mai naci. Zai bi mai karatu har bakin masallaci yana roƙo: "Don Allah yaya, wanga kawai, mutuwa za shi yi?" A ƙi, ya dawo bayan isha'i. A faɗa masa, ya yi kwana uku ba ya gaisuwa, yana yawo yana cewa an ɓata masa kallo. Wannan shi ya buɗe ƙofa da kansa, don haka hukuncinsa mai sauƙi ne. A tambaye shi sau biyu a gaban shaidu, in ya dage a ba shi amsa cikakkiya har da lambar babi, in ya yi fushi kuma sukarin mako na wuyansa.