Ranar da Mita Ta Kwanta

A zangon Yendi ko kasuwar Bawku, tsohon mai gyaran rediyo ba ya rabuwa da mitarsa mai allura, irin Avometer 8 da aka fara ƙerawa a Ingila a 1951. Ita ke gano ciwon kowace rediyo. To, ranar da ita ta kwanta fa? Sai an aro wata daga Salaga a auna ta, ita ma ɗin ba wanda ya san gaskiyarta. Maigida zai kwance bayan mitarsa, ya hure ƙurar hunturu, ya kankare tsatsar batir, ya ɗan mare ta a gefe. Allura na motsawa, ya dubi yaron shago: "Ka gani? Ilimi ke nan." Malam, biya kuɗinka kawai, ban da tambaya.