Aljanin da ke cikin dashbod

Tsohuwar Golf ɗina tana da wata ƙara a gaba, can cikin dashbod, wadda ba ta tashi sai na bar Ƙetare na kama hanyar Ƙanƙara. Ƙwaram-ƙwaram, sai ta ɗan huta, sai kuma ciik-ciik kamar ɓera a rumbu. Na danna nan da tafin hannu, ta koma can. Na cusa kwali a tsaga, ta sake murya.

Na kai wa bakanike. Ya shiga, muka zaga gari har sau biyu, motar ta yi tsit kamar amarya a gaban surukai.

"Alhaji, anya ba kunnenka ba ne?"

"Malam, kunnena ba ya ƙara sai a kan gargada?"

Bayaninsa dai mai ma'ana ne: zafin bazara da bushewar hunturu kan sa robar dashbod ta ƙeƙashe, 'yan maƙalan da ke riƙe ta su saki, ƙura ta shige tsakani. Maganin a wurinsa guntun tsohon tif ɗin babur. Ya kwance rediyo, ya ciro busasshen goro, da murfin biro, da ƙwayar carbi uku, da kwandalar naira biyu irin ta 2007, wadda ko mai ƙosai ba ta karɓa.

Ya mayar da komai, noti biyu suka yi saura a hannunsa. Ya ce kamfani ne ya sa su fiye da kima.

Kafin in isa gida ƙarar ta dawo, da ƙanwarta. Yanzu rediyo nake ƙure wa murya.