Na'ura ba ta duba haƙoran raƙumi

A kasuwar dabbobi ta Agadas, mai sayen raƙumi sai ya duba haƙora, domin yabon dillali ba ya rage shekaru. Ita kuwa ƙirƙirarriyar basira, in an aike ta kasuwar zaɓi irin wadda aka buɗe a Cikago a 1973, inda ake biyan kafin alƙalami don samun damar sayen hannun jari nan gaba, littafin bayanin manhajar kasuwar ne kaɗai idonta. In bai faɗi ranar ƙarewar yarjejeniya ba, ko cewa kwantiragi ɗaya hannun jari 100 ne, an shiga uku. Za a ce ai tana da wayo, za ta gane. Ƙwarai kuwa, za ta cike giɓin da zato, cikin ladabi, da kuɗinka. Kafin ka damƙa mata asusu, nemi shafin da ya bayyana kurakurai. In babu, riƙe abinka.