Kukan Sitiyari a Kwanar Ɗangora

Ranar da aka ɗora mini kai surukata Hajiya biki Zariya, na ci alwashin fita kunya. Da sassafe na biya da tsohuwar Corolla tawa wurin mai faci, domin taya tun tana da sanyi ake auna iskarta, kafin kwalta ta ɗumama ta. Gejinsa sai an ƙwala shi da ƙasa yake farkawa. Ya dura iska son ransa, ya shuri tayar, ya ce, "Oga, 50 na sa, tunda hanya za ka yi." Na nuna masa takardar da kamfani ya manna a bakin ƙofar direba, mai cewa 30. Ya ce ai wannan ta titin Turawa ce.

Tun kafin Kura mota ta fara sukuwa. Kowane ɗan rami sai ya iske Hajiya har cikin kwankwaso, alkakin gara kuwa yana ta rugurgujewa a but. Da yake ba ta yi mini magana kai tsaye, jikanta ta waiwaya: "Abba, ka ce wa babanka ba sauri muke ba."

A Kwanar Ɗangora na karya kan mota zan sha mai, sai sitiyari ya ƙage, ya saki wani kuka kamar akuyar da aka ja zuwa mahauta. Hajiya ta ja carbi. Abba ya rantse akwai abu a ƙarƙashin kujera.

Ina buɗe bonet masana suka taru. Mai rake ya ce injin ya buga. Wani ɗan acaɓa ya miƙo ragowar man birki, wai duk mai mai ne, har na kai hannu. Allah ya jefo wani dattijon makanike, ya doke hannun, ya ce wannan zai kumbura robobin ciki, in wayi gari ina cigiyar sabon famfo. Ya kwance murfin 'yar robar man sitiyari: ɗan abin da ya rage ya sauka ƙasa da layi, duk ya yi kumfa, iska famfon yake zuƙa, shi ne kukan. Ya nuna mini tiyon da ke tsiyaya, ya ɗaure shi, ya zuba jan man giya irin wanda aka rubuta a murfin. Ya sa ni murza sitiyari dama da hagu har ƙurewa, sai da kumfar ta kwanta.

Da ya ɗora nasa gejin a taya, salati ya yi, ya tambaye ni ko siminti na ɗauko.

Muna isa, ina sauke kaya, na ji Hajiya tana raɗa wa Abba: "Ka ce wa babanka ya koma abinsa, Allah ya yi albarka. Ni motar haya zan biyo."